Kuɗin Tsaro Amana Ne: Me Aka Saya, Me Ya Isa Fagen Daga, Me Ya Haifar?

 

Ya 'yan'uwa, babu wanda yake zaune a Kwatano da zai manta safiyar Lahadi 7 ga Disamba 2025. Mun idar da sallar asuba ke nan, wasu ba su ma bar sahu ba, labari ya fara yawo a wayoyi cewa ana harbe-harbe a cikin gari. Can kuma sai ga wasu sojoji a talabijin na ƙasa suna shelar sun kifar da gwamnatin Shugaba Patrice Talon, suna ambaton Laftanar Kanar Pascal Tigri a matsayin jagoransu. Allah ya kiyaye, kafin rana ta faɗi abin ya wargaje, sojojin da suka tsaya kan biyayya suka rinjaya, Najeriya kuma ta kawo ɗauki da jiragen yaƙi. Mu a nan Zongo mun yi wa Allah godiya, domin mun ga abin da juyin mulki ya jawo wa maƙwabtanmu, kuma mu ne kan fara jin zafinsa a aljihu duk lokacin da aka rufe iyaka, motocin kaya suka yi jerin gwano a Malanville.

Matsayinmu a kan ɗaukar makami a kan hukuma ba ɓoyayye ba ne: fitina ce, ɓarnarta ta fi gyaranta. Amma akwai abin da bai kamata ya bi ruwa tare da masu tawayen ba. Cikin hujjojin da suka karanto har da taɓarɓarewar tsaro a arewacin ƙasa, da cewa an yi watsi da sojojin da suka mutu a fagen daga da iyalansu. Ko gaskiya suka faɗa, ko fakewa suka yi da guzuma don su harbi karsana, tambaya ɗaya ta rage a wuyanmu: da wane ma'auni talaka, ko ɗan majalisa, ko shi kansa shugaba, zai gane gaskiyar irin wannan magana kafin wani ya fito da ita a bakin bindiga? Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna a yau.

Abin da arewa ta sha

Tun watan Mayu 2019, da aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a dajin Pendjari aka kashe ɗan jagoransu, aka san wutar Sahel ta iso bakin ƙofarmu. A farkon Disamba 2021 aka kai wa sojoji hari a Porga. A 2022 gwamnati ta kafa rundunar Mirador mai soja kimanin 3,000, daga baya ta shelanta ɗaukar ƙarin matasa 5,000. An sayi motocin sulke da jirage marasa matuƙi, ƙasashen waje irin su Faransa da Amurka da Tarayyar Turai suka ba da nasu tallafin na kayan aiki. Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba.

Duk da haka, ranar 8 ga Janairu 2025 aka kashe soja 28 a wurin da iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu. Ranar 17 ga Afrilu na shekarar aka sake kai hari a yankin dajin W, gwamnati da bakinta ta tabbatar da mutuwar soja 54. Waɗannan ba baƙi ba ne gare mu. Da yawa daga cikin masu zuwa aikin soja 'ya'yan Kandi ne da Jugu da Paraku da Banikwara, wasunmu sun je ta'aziyya, wasunmu sun yi sallar gawa. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba dukan iyalansu haƙuri.

Bayan harin Janairu, shugaban rundunar tsaron ƙasa na lokacin, Kanar Faizou Gomina, ya faɗi wata magana da ta cancanci a tsaya a kanta. Ya nuna cewa sansanin da aka auka wa yana cikin mafi ƙarfi da yawan makamai a rundunar Mirador, kuma kayan yaƙi su kaɗai ba su kawo nasara. Soja ne ya faɗa, ba malami ko ɗan adawa ba. Ma'anarta ita ce tsakanin kuɗin da aka ware da tsaron da aka samu akwai tazara, kuma ba a cike wannan tazara da ƙarin kuɗi kawai. Mai karatun tarihin Manzon Allah (SAW) ya san wannan tun daga Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira, ranar da musulmi suka fita su 12,000, yawansu ya burge su, amma a karon farko sahunsu ya watse. Alƙur'ani bai rufe wannan ba, ya ambace shi a Suratut Tauba domin ya zama darasi. Yawa da kaya shiri ne, kuma an umarce mu da shiri a Suratul Anfal, amma shiri daban, sakamako daban.

Gemun maƙwabta

Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙwabtanmu uku sun riga mu shiga wannan jarrabawa.

A Nijar, ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Wata ɗaya bayan nan, 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Chinagodrar. Ana cikin wannan makoki ne, a watan Fabrairu 2020, sakamakon binciken da ministan tsaro Issoufou Katambé ya sa aka yi a ma'aikatarsa ya fito fili. Rahoton farko ya nuna ƙasa ta yi asarar kimanin miliyar 76 na sefa, wato biliyan 76, a kwangilolin kayan soja: kusan miliyar 48 aringizon farashi ne, kusan 28 kuma kaya ne da aka biya kuɗinsu amma ba su zo ba. Jama'a suka fita zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris, aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aka rasa rayuka, aka kulle wasu jagororin ƙungiyoyin farar hula watanni. Daga baya aka rage adadin ƙwarai, aringizon da 'yan kwangila suka amince da shi ya dawo kimanin miliyar 12, aka shiga batun su mayar da kuɗi. Abin lura a nan biyu ne. Na farko, binciken ya zo bayan an binne gawawwaki, alhali kwangilolin sun yi shekaru ana sa musu hannu. Na biyu, waɗanda suka fi saurin ganin gidan kaso su ne masu tambaya.

To, ko juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya warkar da cutar? A watan Fabrairu 2024 hukumar mulkin soja ta fitar da wata doka da ta cire sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na lissafin baitulmali. Wato ƙofar da aka ɗan buɗe a 2020 an mayar da ita an rufe. Muna faɗar wannan ne ga matasanmu da suke zaton in soja ya hau mulki kuɗin soja zai tsarkaka. Kaki ba ya hana hannu shiga aljihu. Abin da ke hana shi tsoron Allah ne, da sanin cewa akwai mai zuwa ya ƙirga.

A Najeriya, cikin Mayu 2014, sojoji a barikin Maimalari na Maiduguri suka ga gawawwakin abokansu da aka yi wa kwanton ɓauna, suka buɗe wa motar kwamandansu wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba, a Disamba kuma ta yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci kan ƙin fita yaƙi, su kuwa kukansu shi ne ba a ba su makaman da za su tunkari Boko Haram ba. Shekara ɗaya bayan nan, kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa ya bankaɗo badaƙalar dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, aka kama tsohon mai ba da shawara kan tsaro Sambo Dasuki a Disamba 2015. Ya musanta zargin, ya zauna a tsare har Disamba 2019, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa. Hukuncin kisan sojojin nan an mayar da shi ɗaurin shekara 10. Ku duba da kyau: ƙaramin soja ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki tun 2014, amma ba shi da hanyar da zai isar da ita sama sai hanyar da ta kai shi gaban kotu.

A Burkina Faso kuwa, jandarmomin Inata sun rubuta wa shugabanninsu cewa abinci ya yanke musu kusan mako biyu, har suna yanka dabbobin da suka samu a kewaye don su rayu. Ranar 14 ga Nuwamba 2021 aka auka musu, aka kashe fiye da mutum 50. Ba a cika wata uku ba, 24 ga Janairu 2022, aka kifar da Shugaba Roch Marc Christian Kaboré. Kuɗin abincin nan yana cikin kasafi, amma tsakanin Wagadugu da Inata ya ɓace, ko kuma ya maƙale a teburin wani, kuma saƙon da ya komo daga daji bai sami mai karantawa a kan lokaci ba.

Labaran nan uku cutarsu ɗaya. Kuɗi yana sauka daga sama zuwa ƙasa, amma labarin abin da kuɗin ya yi ba ya hawa daga ƙasa zuwa sama. In ya hau ma, ba ya canja kome a kasafin baɗi.

Yadda igiyar take, da inda take tsinkewa

Ɗalibai su sani, a kan takarda ƙasarmu tana da tsari mai kyau. Tun 2009 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma ta umarci membobinta su bar kasafin da ake rubuta shi da sunan kayan da za a saya kawai, su koma kasafin da ake gina shi kan manufa da sakamako. Benin ta sa wannan a dokarta ta kasafin kuɗi ta watan Satumba 2013. A wannan tsari kowace ma'aikata takan kawo wa Majalisar Dokoki a Porto-Novo takarda tana cewa ga abin da nake son cimmawa baɗi, ga ma'aunin da za a gane na cimma, ga kuɗin da nake nema. In shekara ta ƙare sai ta kawo wata takardar tana cewa ga abin da na yi alkawari, ga abin da ya samu. Gyaran tsarin mulki na Nuwamba 2019 kuma ya kafa Kotun Lissafi mai zaman kanta, aikinta ta duba ko abin da aka faɗa gaskiya ne. Ana kuma yaba wa Benin cikin ƙasashen Afirka masu Faransanci wajen wallafa takardun kasafi. Wannan ni'ima ce, kuma adalci ne mu faɗe ta.

Sai dai igiya takan tsinke a wurare uku, kuma ɓangaren tsaro a kowace ƙasa shi ne inda ta fi saurin tsinkewa.

Wuri na farko shi ne lokaci. In rahoton abin da aka yi bara bai iso ba sai bayan an zartar da kasafin baɗi, to ya zama tarihi, bai zama gyara ba. Manomin Banikwara ba ya jiran shekara uku kafin ya gane irin audugar da ya shuka bai karɓi ƙasarsa ba. Kaka ɗaya ta ishe shi, da damina ta zagayo ya canja.

Wuri na biyu shi ne abin da ake aunawa. Abu mafi sauƙi ga ma'aikaci shi ne ya ce an ware kaza, an kashe kashi 95 cikin 100, saboda haka aiki ya yi kyau. Wannan ma'aunin kashewa ne, ba na amfani ba. Mai zuba ruwa a kwando shi ma yana iya rantsuwa cewa ya juye tulu duka.

Wuri na uku shi ne sakamakon sakamakon. In rahoto ya nuna ɗan kwangila ya kawo kaya marar inganci kuma baɗi ya sake samun kwangila, in ya nuna wani shiri bai haifar da kome ba kuma aka ƙara masa kuɗi, to an koya wa kowa cewa rahoto ado ne.

Kada mu ɗauka wannan ciwon talakawan ƙasashe ne kawai. Ma'aikatar tsaron Amurka, mai kasafin da ya haura dala biliyan 800 a shekara, an fara yi mata cikakken binciken lissafi a 2018, kuma daga nan zuwa 2024 sau 7 a jere ba ta tsallake ba. Bambancin kawai shi ne su sukan shelanta faɗuwar. A Iraƙi kuwa, bayan Mosul ta faɗi a Yuni 2014, firaminista Haidar al-Abadi ya bayyana cewa an gano sunayen soja 50,000 da ake biyan albashinsu alhali babu su. Runduna ce cikakkiya a littafin albashi, fanko a ranar gumurzu.

To me za a auna?

Ba mu ƙware a dabarun yaƙi ba, kuma ba za mu shiga hurumin da ba namu ba. Amma akwai tambayoyin da hankali lafiyayye yake kai kowa gare su, kuma amsarsu lamba ce da za a iya rubutawa kowane wata uku.

Cikin motocin sulken da aka saya ko aka ba mu kyauta, nawa ne suke tafiya yau, nawa ne suke kan dutse suna jiran kayan gyara? Wannan tambaya tana da nauyi, domin kayan da suka fito daga ƙasashe daban-daban kowanne da irin kayan gyaransa da irin makanikinsa, kyauta kuma takan zo ba tare da kuɗin kulawa ba. Abinci da ruwa da mai da harsashi, kwana nawa suke yi kafin su kai sansani mafi nisa? Alawus ɗin sojan da ke bakin daga, ranar da aka ce za a biya ake biya, kuma cikakke yake isa hannunsa? In an kai wa sansani hari, awa nawa ake yi kafin ɗauki ya iso, awa nawa kafin mai rauni ya ga likita? Wata nawa soja yake yi a daji kafin a canje shi ya ga iyalinsa? A ƙarshen 2022 an yi doka kan kula da waɗanda suka jikkata ko suka mutu a bakin aiki da magadansu. To iyali nawa suka cancanta, nawa aka biya, wata nawa matar mamaci take jira? Da ana shelanta wannan adadi a kai a kai, da maganar da aka karanto a talabijin ranar 7 ga Disamba ta sami amsa tun kafin a faɗe ta, ko dai a ƙaryata ta da lamba, ko a gyara abin tun da wuri.

Sa'annan akwai ma'aunin da ya fi duka, wanda ba a bariki ake karanta shi ba. Makaranta nawa da aka rufe suka sake buɗewa a Alibori da Atakora? Kasuwar ƙauye tana ci har la'asar ko tun hantsi ake watsewa? Manomin Karimama yana kwana a gonarsa? Makiyayi yana ganin soja ya nufo shi don ya ba shi labari, ko yana ganinsa ya gudu? Wannan na ƙarshe muna jaddada shi, domin in kame ya zama na kan mai uwa da wabi, ana ɗaukar mutum don kamanninsa ko harshensa, to kuɗin da aka kashe ya sayo wa abokan gaba sababbin mabiya ne.

Muna kuma gargaɗi kan ma'auni marar kyau, domin ya fi rashin ma'auni haɗari. Amurkawa a yaƙin Biyetnam sun mayar da ƙirgen gawawwakin abokan gaba ma'aunin nasara. Kwamandoji suka shiga kumbura adadi, aka riƙa lissafa farar hula cikin mayaƙa, takarda tana nuna ana cin nasara har ranar da aka kwashe kaya aka fita. Duk abin da aka ce da shi za a yi wa mutum ƙarin girma, shi zai ƙaru a rahoto, ko da gaskiya ko da ƙarya. Saboda haka wanda ya kashe kuɗi kada ya zama shi kaɗai ne mai ba da shaidar amfaninsa, kuma ƙaramin hafsan da ya rubuto cewa ga matsala kada a mayar da shi mai laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun sirri

Za a ce mana: Malam, harkar soja sirri ce, tona ta taimakon abokan gaba ne. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma Sunna ta tabbatar da ita. Ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) in ya nufi wani wuri da yaƙi yakan sakaya, ya nuna kamar wani wajen ya dosa, in ban da Tabuka da ya bayyana saboda nisa da wahalar tafiyar. Amma shi ɗin dai, ganima a bainar jama'a ake tara ta, a ƙirga, a raba. A Khaibara ya ba da labarin azabar wani da sahabbai suke yi wa zaton shahada, saboda mayafi guda da ya ɗauka kafin rabo. Suratu Ali Imrana ta yi kashedi kan wannan ha'inci da malamai suke kira gululu, kuma a cikin surar ne aka bi abin da ya faru a Uhudu daki-daki, aka faɗi inda saɓani da kwaɗayi suka shigo, ana karanta shi a sallah har gobe. Ashe akwai sirrin hanya da lokaci da dabara, wannan a rufe shi. Akwai kuma lissafin dukiyar jama'a da bitar kuskure, wannan ba a rufe shi ga waɗanda aka ɗora wa dubawa.

Farashin buhun shinkafar bariki ba sirrin ƙasa ba ne. Kuɗin takalmi da tanti da man mota ba sirri ba ne. Abin da yake sirri na haƙiƙa, kamar irin na'urar leƙen asiri da inda aka girke ta, ana iya kai shi gaban wasu 'yan majalisa kaɗan da alƙalan Kotun Lissafi da suka yi rantsuwa, su duba a ɗaki rufe, su fito su ce mun gani, daidai ne ko ba daidai ba. Abin da ba ya halatta shi ne a sami kuɗin da babu wani mahaluki da yake da ikon tambaya a kansa. A Najeriya akwai irin wannan da ake ba gwamnoni da manyan jami'ai da sunan tsaro, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara, kuma jihohin da ake kashe shi ba su fi kowa barci ba.

Ba baƙon ilimi ba ne

Lokacin da muke karatu a ƙasar Larabawa, da muka iso babin diwani a littafin Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi, malaminmu ya tsaya ya ce mu lura: ana rubuta sunan soja da nasabarsa da siffarsa ne domin kada wani ya karɓi albashi da sunan wani. Asalin wannan daga Sayyidina Umar ne (RA), wanda ya kafa diwanin da aka rubuta mayaƙa da rabon kowa. Shi ne yake rubuta dukiyar gwamna ranar naɗinsa, in ya ga ta ƙaru fiye da ƙima ya karɓi wani kaso ya mayar baitulmali. Yana da mai bincike, Muhammad ɗan Maslama, da yake aikawa larduna ya gano gaskiyar ƙorafi. An ruwaito yana ganin cewa zaɓen mutumin kirki da yi masa umarni da adalci bai sauke masa nauyi ba, sai ya bi ya ga ko ya aikata. Kuma da kukan wata mata da mijinta ya daɗe a fagen daga ya iso kunnensa cikin dare, bai ce sirrin soja ba ne, ya yi tambaya, ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi bai koma gida ba. Labari ya hau daga ƙasa, doka ta canja daga sama.

A ƙasar Hausa ma, Shehu Magili a nasiharsa ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, ya lissafa amintattun masu tara dukiya da kashe ta da marubuta da masu lissafi cikin waɗanda mulki ba ya tsayuwa sai da su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk sun yi rubutu kan haƙƙin baitulmali da sa ido a kan ma'aikata. Wanda ya ce neman lissafin kuɗin tsaro aƙidar Turawa ce, bai karanta littattafan gidansu ba.

Namu aikin

Kuɗin nan namu ne. Mai sayar da atamfa a Dantokpa, da direban da ke biyan duwan a tashar jiragen ruwa, da ɗan zemijan, da duk wanda ya sayi kaya aka ɗora masa harajin kashi 18 cikin 100, kowa ya zuba. 'Ya'yan da ake kaiwa dajin kuma namu ne. Saboda haka tambaya haƙƙinmu ce, sai dai a yi ta da ladabi da hujja, ta hanyar da doka ta yarda, ba da yaɗa jita-jita a WhatsApp ba, ba kuma da murna in an ji an kashe soja ba, wa'iyazu billahi.

In ɗan majalisa ya zo masallaci neman addu'a, mu yi masa, sa'annan mu tambaye shi ko ya karanta rahoton sakamakon ma'aikatar tsaro na bara, da abin da ya canja a kasafin bana saboda shi. Limamanmu na arewa, waɗanda suka san gidan da aka yi rashi, su riƙa bibiyar ko haƙƙin marayu ya iso, in bai iso ba su kai maganar inda ta dace. Ɗalibanmu kuma, muna roƙonku, kada kowa ya tsaya a nahawu da fiƙihu kaɗai. Al'umma tana bukatar masu tsoron Allah da suka iya karanta kasafi, suka san dokar kwangila, suka iya binciken lissafi. Annabi Yusuf (AS) da ya nemi riƙon taskokin Masar, amana da sani ya gabatar tare.

Daga ƙarshe mu waiwayi kanmu. Mun san wani masallaci da aka yi damina uku ana tara kuɗin rufi, kowace Juma'a ana yawo da akwati, ruwa kuma bai fasa zuba a sahun gaba ba. Ba lalle wani ya ci ba, amma babu mai iya cewa ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita. Da aka sami wasu matasa suka fara karanta lissafi a gaban jama'a ƙarshen kowane wata, suka liƙa rasit a bango, rufin ya gyaru, masu bayarwa kuma suka ƙara sakin hannu. In ba mu iya wannan a kan kwanon rufi ba, da wane baki za mu nemi hukuma ta yi shi a kan jirgin yaƙi?

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Allah ya kare sojojinmu, ya tsare hannunsu daga zalunci, ya tsare haƙƙinsu daga maciya amana. Allah ya ba shugabanninmu mashawarta masu faɗa musu gaskiya, ya ba su kunnen saurarenta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, muna neman gafararsa.